Nas Ɗin da Inna Ta Samu a Kumasi

A kan iyakar Seme, tsakanin Najeriya da Benin, aka fara cutar mu, kuma wanda ya cuce mu ɗin da Hausa ya yi mana sallama. Saukowarmu daga mota ke nan ni da mahaifiyata, ƙafafunta sun kumbura saboda zaman da muka sha tun daga Kaduna, ga hayaniya da yarukan da ban taɓa ji ba, sai ga wani magidanci da hula da carbi a hannu.

"Sannunku da hanya, Hajiya. Daga ina?"

Na ce daga Kaduna. Ya ce ai shi ma can ya yi ƙuruciya, har ya tambaye ni ko har yanzu kasuwar Kawo tana ci ranar Talata. Raina ya yi fari. Ya dubi ledar da ke hannuna ya ce mene ne a ciki, na ce maganin rage ciwo ne na Inna, likita ya rubuta mata.

"Kayya. In jami'an da ke gaba suka ga wannan cewa za su yi ƙwaya kuke safara. Kawo in zagaya miki da shi ta baya, mu haɗu a gindin wancan shagon mai shuɗin fenti."

Na miƙa masa ledar. Muka tsaya a gindin shago mai shuɗin fenti har direba ya gaji da danna hon. Na fara hawaye. Inna ta gyara mayafinta, ta dubi shagon, ba ni ba, ta ce, "A bar shi da Allah. A hau mota."

Haka Inna take yi min magana tun da na san ta. Ni ce 'yar farinta, kuma ita irin matan nan ce da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallon fuskata, ba ta wasa da ni, ba ta cin abinci in ina zaune. Ana yaye ni Goggo, yayar Baba, ta tafi da ni Zariya, can na girma har na gama sakandare. In na zo hutu gidanmu na Hayin Banki, ta hannun ƙannena abinci yake iso ni: "A kai wa waccan." Ko bayan an kawo ni Badarawa gidan aure, ga mu kusa da juna, in na je gaishe ta ƙanwata Hadiza take tambaya, "An zo lafiya?" ni kuwa ina durƙushe a gabanta. Ban taɓa riƙe ta a zuciya ba, na san ba ƙiyayya ba ce. Amma in na ga Hadiza ta kwanta a cinyarta tana shagwaɓa, nakan tashi in kama wanke-wanke.

Sana'ar Inna taliya ce ta murji, tana shanyawa a igiya tana kai wa masu shaguna. Lokacin da ta ji ƙululu a mamanta na hagu ba ta faɗa wa kowa ba. Ta je kemis, ta je wurin mai maganin gargajiya, ta shafa wannan ta sha wancan. Asibiti a wurinta yana nufin kati da gwaje-gwaje da rufe sana'a, sana'ar kuwa ita ce tukunyar gidan tun rasuwar Baba. Sai da Hadiza ta gani da idonta aka tafi, likita ya ce ciwon daji ne kuma ya fara nisa. Aka yi aiki aka cire maman. Aka shiga ƙarin ruwan kemo, wani lokacin a kan kari, wani lokacin sai mun tsallake har ƙanena Sani ya haɗo abin da ya samu a tuƙin keke. Da muka lallaɓa muka gama, likita ya ce saura gashi, wanda ake yi da inji don a ƙone ragowar ciwon, kuma ba a son a ja lokaci. Injin da ke kusa da mu ya lalace, ba wanda ya san ranar gyara. Inda yake aiki kuma layin ya kai watanni.

Mun san abin da jira yake yi. Iya Ladi, ƙawar Inna mai sayar da daddawa, irin ciwon nan ne ya same ta. Sunanta yana cikin layin gashi, ta yi ta zirga-zirga ana cewa ta dawo, har wurin ya sake buɗewa. Inna na cikin waɗanda suka yi mata wanka. A daidai lokacin kuma matar shugaban ofishin maigidana ita ma aka gano mata, amma tun yana ƙarami, a wurin duba lafiya na shekara. Ta hau jirgi zuwa Masar, ta dawo har na gan ta a gidan suna ta sha lalle. Allah ya sani ban yi mata hassada ba. Na dai gane cewa ciwon ɗaya ne, amma wanda aka gani da wuri aka yi masa komai a kan lokaci, da wanda yake tsinto maganin guntu-guntu, ba ɗaya yake yi musu ba. Kwana na Allah ne, kuma Allahn ne ya ce a nemi magani.

Aka sayar da filin da Baba ya bari a Katabu. Abin da aka samu ya isa mota, bai isa jirgi ba. Wani abokin aikin maigidana ya ce ana gashi a Kumasi ta ƙasar Ghana, kuma yana da gwaggo a zango, unguwar Hausawa, da za ta sauke mu. Hadiza cikinta ya tsufa. Sani in ya ajiye keke gidan ba zai ci ba. Kuma a cikinmu ni ce mai ɗan Turanci. Da aka faɗa wa Inna wanda zai raka ta, sai ta ce, "Babu wani?" Sani ya ce, "Babu, Inna."

To ga mu a Seme, ba maganin ciwo, ga sauran ƙasashe biyu a gaba kafin Ghana. Daga nan zuwa Kwatano Inna ba ta yi ko nishi ba. Ni dai na san ciwon yana cin ta, don ina ganin babban yatsan ƙafarta yana lanƙwashewa cikin silifa duk lokacin da mota ta faɗa rami, carbin hannunta kuma yana gudu. Ba ni da damar cewa ta jingina da ni. Wata mata 'yar kasuwa ce a gefenta, ƙatuwa, da daron busasshen kifi a kan cinya. Ta dubi Inna, ta dubi yadda take tallafe hannun hagu, ta yi magana da yarensu. Ba mu ji ba. Sai ta kwance zanenta na sama ta naɗe shi ta cusa a ƙarƙashin hannun Inna, ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗarta. Inna da ba ta yarda da ni ba ta yarda da mai kifi, har barci ya ɗauke ta. A hanyar ce na fara ganin teku, ruwa ba iyaka, na yi tasbihi ni kaɗai, na rasa wanda zan cewa duba. A Lome matar ta sauka, ta yi wa direba tsawa ya jira, ta tsallaka titi ta dawo da magani daga kantin magunguna da ruwa mai sanyi. Na buɗe jaka in biya ta, ta buge hannuna. Ta nuna sama ta yi addu'a irin ta addininsu, ni ma na yi mata tawa. Har yau in na ji ƙamshin busasshen kifi sai na nema mata alheri.

Muka shiga Ghana ta Aflawo, muka wuce Akra, muka kama hanyar daji. Kumasi gari ne na tudu da kwari, kore shar, ruwan sama ba ya sallama. Mai masaukinmu Mma Salamatu, dattijuwa ce mai ƙiba da murya, tana sayar da koko da ƙosai a bakin layi. Kakanninta fataken goro ne daga ƙasar Kano, ita kuwa ko hanyar Kano ba ta sani ba, amma in tana faɗa da maƙwabta cewa take ita Bakanuwa ce. Hausarsu ba ta bambanta mace da namiji. Ranar da ta dube ni ta ce, "Kai Rakiya, uwanka ya ci abinci?" sai da na waiwaya in ga ko da wani take. A nan zan rubuta maganarta da irin Hausarmu. Ta ba mu ɗaki a bayan gidanta, katifa ɗaya da tabarma. Tun daren farko ta lura Inna ta juya min baya tana cin tuwo.

"Faɗa kuka yi a hanya?"

Na ce a'a, ni ce ta fari.

Ta tuntsire da dariya. "Ashe har yanzu kuna yi? Kakata haka take yi wa babana, har ya mutu da furfura tana kiran shi wancan yaron."

Ranar ganin likita ne abin ya tsaya mana a wuya. Likitan ba ya jin Hausa, Inna ba ta jin Turanci, ni ce a tsakiya. Ya fara da tambayoyi masu sauƙi. Da ya zo kan al'ada da haihuwa da shayarwa, na juya su da Hausa kaina a ƙasa, Inna ta kafa wa bango ido kamar ba da ita ake ba. Ya maimaita, na maimaita. Ya ajiye biro ya ce in ba ta amsa ba ba zai iya ci gaba ba. Na roƙi ya ba mu zuwa gobe.

Washegari Mma ta bar wa maƙwabciyarta tukunyar koko ta biyo mu. Aka yi zaman da ban taɓa ganin irinsa ba. Likita ya tambaye ni, ni in juya baya in faɗa wa Mma, Mma ta sunkuya wurin Inna, Inna ta raɗa mata, Mma ta ɗago ta faɗa da muryar da ake ji har baranda, ni kuma in mayar wa likita. Can ya tsaya ya ce ba yare ɗaya mu uku muke ji ba? Na ce ɗaya ne. Ya girgiza kai ya ci gaba da rubutu. Da ya tambaya ko ta shayar da 'ya'yanta, raɗar ta ɗan yi tsawo. Mma ta ce, "Ta ce duka ta shayar. Ta farin ma ita ta fi daɗewa, da ƙyar aka yaye ta, kuma wannan ɓangaren da aka cire shi ta fi so."

Wannan ban juya shi da Turanci ba. Ban taɓa jin Inna ta ba da labarina ba sai ranar, a bakin wata, a ƙasar wasu. Na dai ce wa likita eh, ta shayar.

Suka auna ta, suka zana alamomi da tawada a ƙirjinta da gefen haƙarƙari, suka manna leda a kai, don injin ya riƙa samun wuri ɗaya kullum. Nas ɗin sashen, wata siririya mai tabarau, ta ja min kunne: kada a goge alamar, kada a dirje wurin, kada ruwan zafi ya taɓa shi, kada a shafa komai sai man da suka bayar. Na isar da saƙon ta bakin Mma. Inna ta ce, "An ji."

Muka shiga zuwa gashi Litinin zuwa Juma'a. Mma ta koma kan tukunyarta, mu biyu muke hawa motar haya da sassafe. Gashin kansa ba ya daɗewa, jiran ne mai tsawo. A kan bencin nan na ga mata iri-iri. Akwai masu zuwa da mota da direba da kwandon abinci, a yi musu su wuce. Akwai irinmu. Akwai kuma waɗanda suka fi mu rashi, kamar Fusaina, wata matashiya daga arewacin ƙasar, wadda sai da ciwon ya fashe aka kawo ta, don a garinsu ba wanda zai iya gane shi. Ita kaɗai take zuwa, tana jin Hausa kaɗan, kullum da dafaffiyar gyaɗa a ƙulle a gefen zane sai ta ɗibar mana. Ta fara tsallake rana in ba ta da kuɗin mota, nas tana yi mata faɗa cewa gashi ba ya son rata. Wata safiya aka kira sunanta ba ta amsa ba. Washegari ma haka. Daga nan aka daina kira. Na tambayi nas, ta ce ta koma gida. Inna ta ji, ranar ba ta ci abincin rana ba.

Kewar gida kuwa ba ta barin mutum. In maigidana ya kira ta bidiyo, sai in ga 'yata Ummi da wani karkataccen kitso da ban san wanda ya yi mata ba, ƙaninta yana tambaya ko Kumasi ta fi Kawo nisa. Ina kewar miyar taushe, da muryar ladanin layinmu da ke shaƙewa a tsakiyar kiran salla, da mai yalo da ke wucewa da hantsi. Ga uwata a ɗaki ɗaya da ni, amma hirar da muke yi ba ta wuce "A miƙo buta" da "An yi salla?"

A sati na uku na fara ganin abubuwa. Filas ɗin ruwan zafi da nake cikawa don shayi yana ƙarewa da wuri. Inna ta ce garin da sanyi, da shi take alwala. Wani ɗan tawul da ba na gani a cikin wanki na tsince shi a ƙarƙashin katifa, da ɗumi, yana warin man kaɗe. Sannan da nake wanke 'yar shimin da take sawa, na ga tabon ruwa-ruwa ya bushe daidai hammata. Na san abin da ke faruwa. Duk macen da ta tashi a gidajenmu ta san in wuri ya yi tsami, ruwan zafi ake sa wa tawul a danna, a bi da man kaɗe. Da shi aka yi mata jego, da shi ta yi jinyar Baba. Fatar ta fara ƙaiƙayi da zafi, ta yi mata abin da ta sani. Kuma da ta ce min in duba mata, gara ta cije.

Kafin in san yadda zan ɓullo wa maganar, nas ta kira ni ciki. Fatar ƙarƙashin hammatar ta saluɓe. Ta ce za a dakata na 'yan kwanaki, kuma dole a riƙa wanke wurin da ruwan gishirin asibiti a sa magani a rufe, safe da yamma. Inna ba ta iya ɗaga hannun sosai tun bayan aiki, ba ta ma ganin wurin, sai dai wani ya yi mata. In ya warke a ƙarasa gashin. In ya ruɓe, dakatawar za ta yi tsawo, wahalar da aka sha a baya kuma ta kusa zama ta banza.

A gida na faɗa wa Mma a gaban Inna. Inna ta ce, "Mma za ta taimaka."

Mma tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni? Hannuna kullum cikin gawayi da ƙullu, idona ba ya ganin ramin allura. Ba zan yi ba, Hajiya. Da ba ki da kowa ne da na yi. Kin zo da 'ya tun daga Kaduna ki ce sai mai koko?"

"To a nemo mota. A mai da ni ɗakina, abin da Allah ya rubuta ya same ni a can."

Mma ta ɗauki tirenta ta fita, ta ja mana ƙofa.

Bayan la'asar ne. Na wanke hannuna da sabulu har gwiwa, na jera auduga da magani a kan faranti, na durƙusa a gabanta. Ban taɓa yi mata doguwar magana ba.

Na ce, "Inna, tun da aka haife ni ban taɓa roƙon ki komai ba. Takalmin makaranta Goggo na roƙa. Kayan ɗaki Goggo ta yi. Ban ce kin rage ni da komai ba, haka aka tarar ana yi. Amma yau ina roƙo. Iya Ladi layi ta jira bai zo kanta ba. Fusaina kuɗin mota ne ya mai da ita gida. Mu Allah ya kawo mu har bakin injin, saura kaɗan. In muka koma, me zan ce da su Sani ya mai da mu? Kunyata?"

Ta kafa wa bango ido.

"Ba sai kin ɗauke ni 'yarki ba. Ki ɗauka wata nas ce asibiti suka turo. In ta gama ta tafi abinta."

Ina jin Mma a tsakar gida tana faɗa da kaji. Can Inna ta jawo mayafinta ta lulluɓe kanta da fuskarta ruf, ta sassauta zanen, ta ɗaga hannun iya inda yake kaiwa. Na yi bisimilla. Ranar na fara ganin tabon aikin, dogo, a kwance inda aka ce na fi so. Na fara wankewa. Ta ɗan zabura. Daga ƙarƙashin mayafi na ji ta ce, "Malama nas, a hankali."

Na ce, "To, Hajiya. Sannu."

Haka muka ci gaba safe da yamma. Da ta ga na jera faranti sai ta ja mayafi. Abin da ban zata ba, ashe Inna mai hira ce in ta samu nas. Ta tambayi malama nas ko tana da yara, na ce biyu. Ta ce a riƙa sa musu man shanu a abinci. Ta ba ta labarin yadda ake gane ƙullin taliya ya yi, da rigimar da suka taɓa yi da Iya Ladi a kan igiyar shanya. Wata safiya ina naɗe bandeji ta ce, "Ni ma ina da wata a Kaduna, sa'arki. Ranar da aka tafi da ita Zariya cewa na yi zan kai niƙa, na bi su a baya har tasha, na tsaya bayan wata mota har tasu ta tashi. Na dawo ba niƙan." Na ce, "Allah sarki, Hajiya." Ta ce, "Ta yi karatu. Duk gidanmu ita ce mai kai. Ranar da suka gama makaranta na aika mata atamfa, na ce a ce Babanta ne." Atamfar tana cikin akwatina har yau, kore da ruwan goro, kuma shekara da shekaru Baba nake yi wa addu'a a kanta. Na ɗaure bandejin na fita bayan ɗaki na yi kukana. Da na dawo ta sauke mayafi, tana duban taga, ta ce, "A duba ko shinkafar ta yi."

Wurin ya bushe. Nas mai tabarau ta duba ta ce wa ya yi wannan aikin, na ce ni. Ta ce da zan zauna da ta nema min gurbi. Na yi ta jin daɗin maganar nan har muka iso gida. Aka ci gaba da gashi, ba mu ƙara tsallake ko rana ɗaya ba, ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Filas kuwa Mma ta ƙwace ta kai ɗakinta, ta ce mai son shayi ya zo ya sha a gabanta. Ranar ƙarshe Inna ta fito daga ɗakin injin da ƙafarta, ta bi matan benci ɗaya bayan ɗaya tana yi musu addu'a da Hausar da ba sa ji. Mma ta raka mu tasha da ƙullin garin koko. Ta rungume Inna ta ce, "In kin je ki gaida min Kano." Inna ta ce ita Kaduna za ta. Mma ta ce, "Duk ɗaya ne, ki gaishe ta."

A Seme na riƙe jakarmu da hannu biyu. Wani ya yi mana sallama da Hausa, na amsa masa cikakkiya, ban tsaya ba.

Yanzu an kwana biyu. Muna zuwa asibiti ana duba ta lokaci-lokaci, kuma zuwa yau likita bai ga komai ba, alhamdu lillahi. Ba mu san gobe ba. Amma Inna ta goya 'yar da Hadiza ta haifa muna can, ta ga tafiyarta, igiyar taliya kuma ta koma tsakar gida. Matan layinsu in ɗaya ta ji wani abu a jikinta, Inna ba ta barin ta kwana da shi, sai ta ce a kira waccan ta Badarawa ta raka ta asibiti tun yana ƙarami. Na raka da dama. Wasu ba komai ba ne, wasu an tare da wuri.

Sunana kuwa har yau ba ta kira ba, kuma na daina jira. Satin da muka dawo, mata sun cika ɗakinta ana barka da arziki, ni ina bakin ƙofa ina zuba kunu a kofuna. Wata tsohuwa ta ce, "Ke kuwa a ƙasar da ba uwa ba uba, wa ya kula da ke haka?"

Inna ta gyara zama. Ta ce, "Wata nas Allah ya haɗa ni da ita a can. 'Yar mutanen kirki. Hannunta ba zafi."

Suka yi ta sa wa nas albarka, Allah ya ba ta masu yi mata, Allah ya jiƙan iyayenta in sun mutu, in suna raye ya ƙara musu lafiya. Inna ta amsa amin ɗin nan da ƙarfi. Ni kuwa na ci gaba da zuba kunu, sai da Hadiza ta taɓa ni ta ce kofin ya cika.